Darasi na 14: Kafin a Sayar da Shanun Huɗa

Wani dattijo da ke ajinmu na yaƙi da jahilci a Karaye ya ƙi tashi ranar wata Laraba, har sai da kowa ya watse. Sannan ya zaro wata takarda daga aljihun 'yar-shararsa, an naɗe ta cikin leda saboda gumi, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Malam, duba mini wannan. Yarinyar nan ce ta kawo."

Ban tambaye shi wace yarinya ba. 'Yar fari ce, bakinsa ba ya kama sunanta. Na san ta: nas ce, shekararta bakwai tana aiki a wani asibitin gwamnati, ta yi aure, 'ya'yanta biyu. Takardar kuwa ta samun gurbin karatu ce, digiri na biyu a fannin jinya, wanda 'yan boko ke kira mastas.

"Alhamdu lillahi, Baba. Ai abin farin ciki ne."

"Na sani, Malam. Abin da nake tambaya, in sayar da shanun huɗa ne, ko in bari?"

Ban ba shi amsa a ranar ba. Irin wannan tambaya ba a amsa ta a tsaye. Na ce ya zo da 'yar tasa ran Asabar mu zauna da takarda da biro, kuma abin da muka yi a wannan zaman shi ne darasinmu na yau. Kada wani ya ce shi ba shi da nas a gida, don haka ba ruwansa. Kuɗin karatu mai zurfi a ƙasarmu ba daga aljihun ɗalibi kaɗai yake fita ba. Daga rumbu yake fita, da turke, da adashen uwa, da jarin miji. Wanda za a buɗe rumbunsa kuwa yana da haƙƙin sanin inda hatsin zai tafi.

Matakalar karatun jinya

A wajen da yawa daga cikinmu, duk mai farin kaya a asibiti ko dai likita ne ko nas, shi ke nan. Amma karatun hawa-hawa ne, kuma sai an san hawan da ake magana a kai kafin a yi zancen kuɗi.

Hukuma guda ce ke riƙe da ƙofar wannan aiki a Najeriya: Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda ake taƙaita sunanta da NMCN. Dokar da ta haɗa ta wuri guda ta shekarar 1979 ce. Ita ke shirya jarrabawar ƙwarewa, ita ke yin rajista, ita ke ba da lasisi. Ko mutum ya haddace littattafan asibiti kaf, in babu lasisinta a hannunsa, doka ba ta san shi a matsayin nas ba.

Yawancin nas-nas ɗinmu ta makarantar shekara uku suka bi, irin makarantar jinya ta Kano da ta Madobi, ko ta ungozoma da ke Dambatta. A 'yan shekarun nan ana mayar da irin waɗannan makarantu kwalejoji masu ba da difloma da babbar difloma a shekara huɗu. Ɗaya hanyar ita ce jami'a: shekara biyar ga wanda ya shiga ta JAMB daga sakandare, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe sashen jinya a 1965. Mu nan Arewa sai daga baya, amma yanzu akwai shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Nas mai rajista da ke son digiri yana iya shiga aji biyu kai tsaye, ko ya yi daga nesa ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ko cibiyar karatu daga nesa ta Zariya, yana aikinsa yana karatu. Ta haka 'yar dattijon ta samu nata digirin.

Daga nan hanya takan rabu biyu, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Akwai kwas ɗin ƙwarewa, na shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi: jinyar ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala, ta ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ta masu taɓin hankali a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ungozoma a Gezawa, aikin ɗakin tiyata da allurar barci a asibitocin koyarwa. Wannan ba ya buƙatar digiri, lasisi yake buƙata, kuma hannu yake horarwa. Sannan akwai mastas, wanda sai mai digiri. Shi kai yake horarwa: karanta bincike, gudanar da bincike, rubutu, koyarwa, tafiyar da ma'aikata. Wadda ta yi mastas ba ta fi abokiyar aikinta iya samun jijiyar jariri don ɗaura ruwa ba, kuma ba don haka aka yi shi ba.

Kuɗin da ke kan takarda, da wanda ba ya kanta

Ran Asabar suka zo. Ita daga aikin dare ta fito, idanu jajur, goyo a baya. Muka shimfiɗa tabarma a barandar aji. Na tambaye ta kuɗin makaranta, ta faɗa. Fuskar dattijo ta saki.

"Ashe ma sa ɗaya ya isa."

"Baba, ka dai bari a gama," in ji ta.

Ba zan kawo ainihin lambobinsu ba. Sirrin gidansu ne, kuma farashi a wannan zamani ba ya kwana inda ya yini. Waɗanda ke tafe na misali ne, don koyon lissafi. Kowa ya goge ya sa na lokacinsa. A ce karatun shekara biyu ne:

Kuɗin makaranta, naira 300,000 a shekara: 600,000
Fom, karɓo sakamakon digiri na farko, tantancewa: 60,000
Mota zuwa da dawowa, 8,000 a mako, mako 40 a shekara: 640,000
Masauki, 150,000 a shekara: 300,000
Kwamfuta, data, buge-bugen takardu: 350,000
Bincike da haɗa kundi: 250,000

A haɗa, naira 2,200,000. Ku lura da kyau: abin da aka rubuta a takardar makaranta, wato 600,000, ya ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na abin da za a kashe. Sauran kashi ukun ba wanda zai aiko muku da takardarsu. A hankali suke zuba, kamar buhun da ɓera ya huda.

Ku dubi mota, har ta fi kuɗin makarantar. Wannan ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya shiga mota tun bayan 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Sannan tafiyar ba guda ba ce. Mai zuwa Kano daga Karaye ta Gwarzo zai gifta ƙofar sabuwar harabar Bayero ya ɗauka ya iso. Bai iso ba. 'Yan jinya a Asibitin Malam Aminu Kano suke, can kan titin Zariya, sai ya sauka a Kabuga ya hau adaidaita-sahu ya ratsa gari. Mutumin Rogo kuwa, da ke bakin iyakar Kaduna da Katsina, ya kamata ya ɗora Kano da Zariya a kan ma'auni, kada ya ce lallai sai garinsu.

Da muka zo kan masauki, dattijo ya ce ai akwai ƙanwarsa a birni, za ta zauna a can kyauta. Na ce to, a rubuta sabulu, da ɗan cefane, da kwanon shinkafar da ba za a shiga gidan mutane hannu rabbana ba tsawon shekara biyu. Ya yi dariya, amma bai musa ba.

Yanzu ga babbar tambaya, wadda ita ce ke raba lissafin gida biyu: albashi zai ci gaba ko zai tsaya? Ma'aikacin gwamnati yana iya samun hutun ƙaro ilimi da albashi, yana iya samun hutun babu albashi, yana kuma iya rasa duka biyun. Wanda aka ba shi da albashi yakan sa hannu a yarjejeniyar cewa zai dawo ya yi wa gwamnati aiki na wasu shekaru. In albashinta naira 120,000 ne a misalinmu, kuma ya tsaya wata 24, an rasa 2,880,000. Wannan kuɗi ba a ciro shi daga aljihu ba, amma an rasa shi, kamar yadda manomin da ya bar gonarsa saura bai kashe ko sisi ba, amma ba zai ɗaure dami ba. A haɗa da na farko: 5,080,000.

Dattijo bai ce komai ba, domin miliyan ba ta da hoto a idonsa. Sai na mayar masa da shi masara. A ce buhu naira 40,000 ne. In akwai albashi, karatun buhu 55 ne. In babu, buhu 127. Nan ya cire hula ya shafa kai. Wannan dabara ku riƙe ta: duk kuɗin da ya fi ƙarfin tunaninku, ku auna shi da abin da kuke nomawa ko sayarwa. Mai rake ya auna da dami, mai tumatir na bakin madatsar Challawa ya auna da kwando, mai ƙosai ta auna da cinikin mako.

Saura abu biyu da ba su da layi a jadawali. Na farko lokaci. Shekara biyun da aka rubuta alkawarin takarda ne. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, bayan wanda suka yi a 2020. Ko babu yaji, kundin bincike yakan yi watanni a teburin malamin da ke duba shi, shi ma ɗalibai sun yi masa yawa. Duk shekarar da ta ƙaru, sabuwar rajista ce. Mai hankali shekara uku yake tanada wa karatun shekara biyu. Na biyu, lokacin biya. In wa'adin rajista ya faɗo da kaka, manomi zai kai masararsa kasuwa ranar da kowa ya kai, ya sayar da araha abin da in ya kai bazara zai yi daraja. Buhu 55 ɗin nan na iya zama 70 saboda bambancin lokaci kawai.

Wace ƙofa takardar za ta buɗe?

Ɗan kasuwa in zai sayi injin markaɗe ba ya tsayawa a farashi. Yakan tambayi kansa: wata nawa kafin uwar kuɗi ta dawo? Mu ma haka za mu yi. A raba abin da aka kashe da ƙarin da za a riƙa samu duk wata.

In takardar ta kawo ƙarin naira 20,000 a wata, to 2,200,000 za ta dawo cikin wata 110, wato shekara 9 da wata 2. In albashi ya tsaya, 5,080,000 sai wata 254, shekara 21 da wata 2. A ƙa'idar da aka saba, ma'aikaci yana ritaya in ya yi shekara 35 yana aiki ko ya cika 60 da haihuwa. Ke nan wannan karatun, ga mai shekara 30 jari ne, ga mai shekara 45 da ba a ba shi albashi ba kuwa zai bar aiki bai ga uwar kuɗinsa ba. In kuma takardar ta kai mutum ga sabon aiki mai ƙarin 60,000, shekara uku da wata ɗaya sun isa a dawo da 2,200,000 ɗin. Takarda ɗaya ce, kuɗi ɗaya, amma amsa uku.

To nawa ne ƙarin na gaskiya? Nan ne aka fi yin cinikin biri a sama. Albashin ma'aikatan lafiya na gwamnati yana bin tsarin da ake kira CONHESS, mataki-mataki, kuma ƙarin girma da shekaru yake zuwa, da jarrabawa, da samun gurbi. Digiri na farko yana da nauyi ƙwarai a wannan tsari, domin shi ke buɗe hanyar muƙaman darakta. Wanda ba shi da shi akwai matakin da zai kai ya tsaya. Digiri na biyu kuwa, ga wanda ya riga ya yi shekaru a aiki, ba dole ba ne ya ƙara ko kwabo a albashin wata mai zuwa. Darajarsa takan fito ne a wasu wurare: koyarwa a jami'a, inda shi ne matakin farko kafin digirin digirgir, koyarwa a kwalejin jinya, inda kuma ake neman shaidar koyarwa a haɗa da shi, ayyukan ƙungiyoyin lafiya, ko ranar da za a zaɓi shugaba tsakanin mutum biyu da suka yi kunnen doki. In mutum bai nufi ɗaya daga cikin waɗannan ba, takardar za ta yi kyau a bango, shi ke nan.

Akwai wani abokina nas da ya ɗauki shekara uku yana satar jiki zuwa karatu, yana musayar aikin dare da abokan aiki, yana biyan wasu su tsaya masa. Ya gama da sakamako mai kyau, aka yi walima har da yanka rago. Da ya kai takardar ofishin da ke kula da su, sai aka buɗe fayil ɗinsa aka tambaye shi ina takardar izinin tafiya karatu. Babu. Ya ce ai shugabansa ya sani, da baki ya ba shi izini. Shugaban kuwa ya yi ritaya. Har yau maganar tana nan inda take. Saboda haka kafin a biya kuɗin fom, a je ofis a yi tambaya uku, kuma a nemi amsa a rubuce: za a sake ni? Da albashi ko babu? In na dawo, wane mataki takardar za ta kai ni?

Sannan a tabbatar takardar kanta takarda ce. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke amincewa da kwasa-kwasan jami'a, majalisar jinya kuma da nata ɓangaren. Amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas ɗin da ke cikinta daban. A Disamban 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian, Umar Audu, ya bayyana yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, kuma a farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Jamhuriyar Benin da Togo. Masu gaskiya da marasa gaskiya duk abin ya shafe su. Ko inda karatun yake na ƙwarai, wanda ya koyo jinya a waje sai ya bi ta hannun majalisa ya ci jarrabawarta kafin ya taɓa marar lafiya a nan. Ga kuma abin da ba a lissafa shi: da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ɗalibanmu da yawa, ciki har da masu karatun lafiya, da jakar hannu suka dawo, karatu a tsakiya.

Masu hangen ƙetare

Ba za a yi wannan zance a ɓoye maganar fita waje ba, domin ita ce a zuciyar matasa da yawa ko ba su furta ba. A Fabrairun 2024 magatakardar majalisar jinya na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. A watan ne majalisar ta fito da sharaɗin sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardun fita, har nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas.

Ni ba na ganin laifin wanda ya tafi. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 aka yanke a ƙarshen 2024, kowa kuma ya san abin da wannan ke saya a kasuwa. Abin da nake so ku sani shi ne mastas ba ita ce tikitin jirgi ba. Ingila tana da jarrabawar Turanci da jarrabawar majalisar jinyarta, Saudiyya tana da tata, Amurka tana da tata, kuma mai mastas ma sai ya zauna su. Wanda niyyarsa ke nan, lissafinsa daban ne, kuɗinsa ma da dala da fam ake biya. Kuma in da kuɗin dangi za a yi, a faɗa musu gaskiya tun farko. Kada tsoho ya sayar da sa yana zaton 'yarsa za ta dawo ta riƙa duba hawan jininsa, alhali ita Jidda take hange.

Ina za a samo kuɗin? Wannan ba sai na daɗe a kansa ba, domin ƙofofin ba su da yawa. Asusun ba ɗalibai rance na tarayya, NELFUND, da ya fara aiki a 2024, masu karatun farko a makarantun gwamnati ya fuskanta. Asusun TETFund kuwa malaman jami'a da kwalejojin kimiyya da na ilimi yake ɗaukar nauyi, ba ma'aikatan asibiti ba. Gwamnatin Kano ta shelanta tura ɗalibai 1,001 karatun digiri na biyu a waje a 2023, amma masu sakamako mafi daraja aka nema. Nas ɗin asibiti yakan faɗa tsakanin waɗannan duka, ya koma ga albashinsa, da adashe, da ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata, da dangi. Bashi mai ruwa kuwa, ko an ajiye maganar addini a gefe, lissafi ma bai yarda da shi ba: abin da zai dawo da uwar kuɗi a shekara tara ba ya iya ɗaukar ruwan wata-wata. Haka jinginar da gona ko sayar da shanun huɗa. Wanda ya sayar da hatsi ya sayar da na bana. Wanda ya sayar da sa ya taɓa na baɗi da na baɗin baɗaɗa, domin daga nan sai ya riƙa biyan kuɗin huɗa yana jiran layi, shuka tana wuce shi.

Abin da biro ba ya iya rubutawa

In na tsaya a nan na yi muku ƙarya, domin ba komai ne ke shiga jadawali ba.

Shekarun baya na raka matar ƙanena wani asibiti cikin dare, haihuwa ta zo da gardama. Likita yana nan, ɗakin tiyata yana nan, an ma tayar da janareta. Mai allurar barci ce babu; guda ce, kuma ba ta gari. Aka rubuta mana takarda zuwa Kano. Na zauna a gaban mota ina jin nishinta a baya, duk ramin da taya ta faɗa sai uwarta ta yi salati. Allah ya yi da sauran kwana, ita da jaririn. Amma tun daga daren nan, in aka ce mini nas na neman kuɗin kwas ɗin allurar barci, ba na tambayar shekara nawa uwar kuɗi za ta dawo. A manyan asibitocinmu na karkara, sau da yawa nas ne ke wannan aiki, kuma kasancewarsa ko rashinsa shi ne bambancin a yi tiyata a nan ko a kama hanya.

Ra'ayina ke nan, kuma ban ɓoye wa dattijo ba: wanda yake son ya zauna a gefen gadon marar lafiya a Karaye ko Rogo, kwas ɗin ƙwarewa ya fi masa mastas, ya fi araha, ya fi sauri, garinsa ma ya fi cin moriyarsa. Amma ita ma mastas tana da nata amfanin da ba a gani nan take. Majalisar jinya tana duba yawan ƙwararrun malamai da kayan aiki kafin ta yanke wa makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Shirin nan na Mata Don Lafiya, da Birtaniya ta tallafa daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, wannan matsalar ya tarar: ana neman mata ma'aikatan lafiya a ƙauyuka, amma masu koyar da su, musamman mata, sun yi kaɗan. Malama guda a kwaleji tana iya zama sanadin ungozoma ɗari.

Don haka na juya wajen 'yar.

"Ke nan da shekara goma, a ina kike son ganin kanki?"

Ta yi shiru, ta gyara goyo. Sannan ta ce koyarwa take so. Ta ce duk ɗalibar da aka turo musu sanin makamar aiki a hannunta take ƙarewa, kuma ranar da take koya musu ce kaɗai take komawa gida ba ta ji gajiya ba.

Dattijo ya dube ta.

"Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ba ka taɓa tambayata ba, Baba."

Da haka ƙofar ta samu suna, sauran kuma ya zama tsari. Ta rubuta wa makaranta neman a ɗage mata gurbin zuwa shekara mai zuwa, ta shigar da takardar neman hutu da albashi, ta kuma shiga adashen wurin aiki ta roƙi a ba ta kwasar ƙarshe don ta faɗo daidai da rajista. Maigidanta, da aka zauna da shi daga baya, ya ɗauki kuɗin mota. Kakar yaran ta ce a kawo mata su daga Litinin zuwa Alhamis, amma da sharaɗin a riƙa haɗowa da garin kunu. Dattijo ya ware buhu goma, ya ce ba za a taɓa su ba sai bazara. Shanu suna turkensu.

Aiki

1. Wani nas zai yi kwas ɗin ƙwarewa na wata 18 a Kaduna. Makaranta naira 250,000 gaba ɗaya, masauki 12,000 a wata, abinci 30,000 a wata, zuwa gida sau ɗaya a wata 14,000. Nawa zai kashe? Kashi nawa ne kuɗin makaranta a ciki?

2. In ya dawo aka ƙara masa 25,000 a wata, wata nawa kafin uwar kuɗinsa ta dawo? Mayar da amsar shekaru da watanni.

3. Tambayo farashin buhun masara na wannan makon, da abin da aka sayar da shi a kakar da ta wuce. Mayar da amsar tambaya ta farko buhuna, sau biyu, da kowane farashi.

4. Nemi wani ma'aikacin lafiya a unguwarku ko ƙauyenku da ya taɓa ƙaro karatu. Ba sai ka rubuta sunansa ba. Tambaye shi shekara nawa aka ce masa karatun zai ɗauka, shekara nawa ya ɗauka, da abin da ya kashe wa kuɗi wanda bai yi zato ba. Rubuta amsarsa cikin layi biyar, ka zo da ita ran Litinin.